Abin da na faɗa wa likita kafin in iya faɗa wa Umma

A gidanmu akwai abubuwan da ba a kiran su da sunansu. Ranar da na fara ganin jinin al'ada ina 'yar shekara 13, Umma ta miƙo mini audugar mata a cikin baƙar leda ba tare da ta dube ni ba, ta ce daga yau idan na bari namiji ya taɓa ni na shiga uku, sannan ta koma kan girkinta. Iyakar abin da aka koya mini game da jikina ke nan har aka sa mini rana. Ban ga laifinta ba, domin ni ce 'yar farinta, wadda ko sunana ba ta iya faɗa saboda alkunya, balle ta zaunar da ni a kan maganar shimfiɗar aure.

Da biki ya matso sai gida ya cika da masu gyaran amarya, ana dilka da halawa, ana ɗura mini tsumi da gumba, ana turara ni dare da rana. Kowa yana maganar yadda zan gamsar da miji, amma ba a samu mace ɗaya da ta tambaye ni ko ina jin tsoro ba, alhali tsoron da aka dasa mini shekara goma da suka wuce yana nan daram.

Bayan tarewa jikina ya ƙi. Duk lokacin da maigida ya kusance ni sai in ji gabana ya ƙanƙame kamar an rufe ƙofa an sa sakata, ga wani raɗaɗi mai kama da yankan reza. Wata ya bi wata a haka. Da farko ya yi haƙuri, daga baya ya fara zargin ko dama ba na son sa, ni kuwa na rasa bakin da zan yi masa bayani. Barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina, kuma da magariba ta yi na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida sai ƙirjina ya hau dukan uku-uku. Da Gwaggo ta ga yadda na rame, nan take ta yanke hukunci cewa namijin dare ne ya aure ni, aka shiga ruƙiyya da shafa man zaitun da hayaƙin tazargade. Ban raina addu'a ba, har gobe ina yin ta, sai dai abin da ya fi ci mini rai shi ne an fi samun sauƙin cewa aljani ne ya shige ni a kan a tambaye ni inda yake mini ciwo.

Maganar ganin likitan ƙwaƙwalwa kuwa ban ko kawo ta a raina ba. A Kano idan aka ce a kai mutum Dawanau an gama zaginsa, haka Barnawa take a bakin mutanen Kaduna, haka Kware a Sakkwato, duk da cewa asibitoci ne da ake zuwa a ga likita a koma gida. Ko ƙasar ma sai a farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan a unguwa ana ɗaukar ciwon damuwa da hauka tuburan a matsayin abu ɗaya.

Abin da ya kwance ni a Islamiyyar matan aure na same shi. Malamarmu ta karanto yadda Ummu Sulaim ta je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta fara da cewa Allah ba ya jin kunyar gaskiya, sannan ta tambaya ko wanka ya wajaba a kan mace idan ta yi mafarki. Ta ƙara da yabon da Nana A'isha ta yi wa matan Ansar cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Na daɗe da sanin hadisan nan, amma ranar ce na fara tambayar kaina wace irin kunya ce tawa da ta wuce ta matan Madina.

Mako biyu bayan haka na je wurin likitar mata, na zauna ina murza gefen hijabina har ta ajiye bironta ta ce, "Ƙanwata, babu abin da za ki faɗa da ban taɓa ji a ɗakin nan ba." Ta bayyana mini cewa tsokar da ke kewaye da gaba ce take ɗaurewa da kanta ba da nufin mace ba, sau da yawa saboda tsoro, kuma ana magance ta da koyon sassauta jiki da numfashi da atisaye a hankali. Ta kuma tura ni sashen ƙwaƙwalwa saboda rashin barci da kukan da nake yi. Katin wannan sashe a cikin jakar Alƙur'anina na ɓoye shi tsawon watanni. Maganin da aka ba ni bai fara aiki ba sai bayan wasu makonni, kamar yadda aka gargaɗe ni tun farko, kuma a zuwa na uku maigida ya raka ni ya ji bayanin da kunnensa, ya fito bai ce komai ba har muka isa gida, inda ya nemi in yafe masa zargin da ya yi mini.

Umma sai bara na faɗa mata, ina tsinke mata zogale don kada mu haɗa ido. Ta daɗe shiru, sannan ta ce tunda an sa ranar ƙanwata bayan Babbar Sallah, in ja ta ɗaki in yi mata bayani, domin ita ba za ta iya ba.