Littafi 52 da zazzaɓin watan Agusta

Ran ɗaya ga watan Janairun bara, da daddare, na buɗe Goodreads, manhajar masu karatun littattafai, a wayata na rubuta 52 a gurbin da ake sa yawan littattafan da mutum ya ɗauri aniyar karantawa a shekara. Littafi ɗaya kowane mako ke nan. Shekara uku ina shiga wannan gasa da kaina, ban taɓa haura 30 ba, sai na ce bana zan gwada ƙarfina. Manhajar nan, wadda kamfanin Amazon ya saya a 2013, tana da wata ɗabi'a: duk sa'ad da ka leƙa sai ta gaya maka ko kana gaba ko kana baya, kuma da littafi nawa. Wata bakwai cur ba ta taɓa ce mini ina baya ba.

Ni malamar sakandare ce, lokacin karatuna sananne ne: bayan sallar asuba kafin yara su tashi, sai kuma bayan isha'i idan gida ya yi tsit, da 'yar fitilata mai caji in an ɗauke wuta. A haka na kai ƙarshen Yuli da littafi 31.

Sai marka ta sauka. A makon farko na Agusta na tashi da ciwon kai da jin sanyi har haƙorana na haɗuwa. Aka gwada jini aka ce maleriya ce, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu da damina. Na sha maganin kwana uku, ƙwaya huɗu da safe huɗu da dare, na ɗan ji dama-dama har na ɗauko littafin da nake kai. Ba a yi kwana uku ba zazzaɓin ya dawo, wannan karon da wani salo: da safe ya lafa, da yamma ya hau, kullum kuma sai ya fi na jiya. Ga ciwon ciki, ga baki ba ɗanɗano, ko ƙamshin miya ba na so. Da aka sake ɗibar jini aka kai ɗakin gwaji, bayan 'yan kwanaki sakamako ya nuna taifod. Cuta ce da ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa ko abinci, kuma da damina, lokacin da ruwan kwata ke malala cikin rijiyoyi, ba wuya mutum ya sha ta bai sani ba. Kwana biyar na yi a gadon asibiti ana yi mini ƙarin ruwa.

Da za a tafi da ni, na sa a jefa mini littafin a jaka tare da zani da buroshi. A zatona ai ga lokaci ya samu, ba aji, ba girki, ba makin jarrabawa. A rana ta biyu na buɗe shafi na 114 inda na tsaya. Hannun hagu da allurar ƙarin ruwa, na dama kuma ya kasa riƙe littafin a tsaye, sai na jingina shi da gwiwata. Na karanta layin farko, na kai ƙarshensa, na rasa me farkonsa ya ce. Na koma. Sau huɗu ina komawa, baƙaƙen suka soma rarrafe kamar tururuwa, kaina ya sara. Na rufe na kifa shi a ƙirji, hawaye suka zubo mini. A ranar na gane karatu aiki ne na jiki. Kafin ka fahimci jimla sai ka riƙe farkonta a ka har ka isa ƙarshenta, kuma wannan riƙon shi ne abu na farko da zazzaɓi ke ƙwacewa. Mai lafiya ba ya ma sanin yana yinsa.

Duk da haka ban daina leƙa waya ba, ko da yake haskenta na sukar idona. Yau ta ce ina baya da littafi biyu, mako mai zuwa uku, har aka sallamo ni lissafin yana ta hawa. Mahaifiyata, wadda ta taho jinyata, ta lura duk lokacin da na duba wayar sai fuskata ta canza. Ta tambaye ni ko wani mugun labari ne, na yi mata bayani. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, wa ke bin ki bashin littafi?" Na ce, "Ba kowa, Hajiya." Ta karɓi wayar ta tura ƙarƙashin filonta.

Da daddare ta tuna mini hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari, cewa idan bawa ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya a gida. Na san karatun labari ba ya cikin sahun sallah da azumi. Amma maganar ta shige ni ta wani ɓangaren. Ubangijin da ya wajabta sallah ya yarje wa marar lafiya ya yi ta a zaune ko a kwance, ya yarje masa ya ajiye azumi sai ya warke. Ni kuwa lambar da na rubuta da hannuna na hana ta yi mini rangwame ko na kwana ɗaya.

Abin da ya dawo da ni kan littafi 'yata ce, mai shekara goma sha ɗaya. Taifod ko ya tafi yakan bar mutum da kasala ta makonni. Daga ɗaki zuwa tsakar gida sai na huta. Wata la'asar ta same ni kwance a tabarma na zuba wa rufi ido, ta ce, "Umma, in karanta miki?" Na ce ta ɗauko Magana Jari Ce na ɗaya, na Abubakar Imam, wanda na sani tun ina firamare. Ta zauna daidai kaina ta soma, tana tuntuɓe a tsofaffin kalmomi, ni kuma ido a rufe ina gyara mata. Ban shirya hakan ba, amma littafin ya dace da mai jinya ƙwarai. Aku ne ke riƙe ɗan sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita, kowane labari gajere ne kuma mai cin gashin kansa. Idan barci ya ɗauke ni a tsakiya ban yi asarar komai ba, tunda na san ƙarshensa. Kunne kuma bai gaji kamar yadda ido ya gaji ba. Da asuba nakan kunna karatun Alƙur'ani, izu ɗaya, in bi da zuciya. Mako uku muka yi a haka.

Babban kuskuren sai da na warke na tafka shi. Ƙarshen Satumba na karɓi wayata, ta ce ina baya da littafi takwas. Na ce sai na rama. Na bi kantar littattafaina ina zaɓo mafi siranta, na shafi sittin, na saba'in, ba don ina marmarinsu ba sai don su cike gurbi. Cikin mako biyu na gama bakwai. Yau in aka ce in faɗi abin da ke cikin ko ɗaya, ba zan iya ba. Ina juya shafi, raina yana kan shafi nawa ya rage. Littafin tarihin da na tsaya a shafi na 114 kuwa, wanda shi nake ƙauna, na ture shi gefe saboda kaurinsa zai ja mini baya. Wata safiya bayan asuba na zauna a inda na saba, na ji ba na son buɗe komai. Wannan ya fi ba ni tsoro fiye da abin da ya faru a asibiti, domin can jiki ne ya ƙi, nan kuwa rai ne.

Ba na zagin irin wannan gasa. Ita ta ɗauke ni daga littafi biyar ko shida a shekara zuwa talatin, kuma ina gode mata. Aibinta shi ne tana lissafi kamar makonnin shekara duk ɗaya ne, alhali akwai na azumi, akwai na makin jarrabawa, akwai na biki da na rasuwa, akwai na ciwo. Kuma a wurinta littafi mai shafi 600 da mai shafi 60 duk ɗaya ake rubutawa. Ashe ana iya sauya lambar a kowane lokaci, abin da girman kai ya hana ni dubawa. Na mayar da ita 40, na koma shafi na 114, na bi littafin a hankali har tsakiyar Nuwamba. Shekara ta ƙare ina da 41, har da wanda 'yata ta karanta mini, don na sa shi a lissafi ba tare da wata tantama ba.

Bana 24 na rubuta. Na kuma sayi ƙaramin littafin rubutu, duk ranar da na yi karatu, ko shafi biyu ne, ko saurare na yi, sai in ɗiga alama. A gefen gado na ware littattafai huɗu da na riga na sani, masu manyan baƙaƙe da gajerun labarai, ba na taɓa su sai ranar da jiki ya ƙi. Ruwan sha kuma yanzu sai an tafasa.

A watan jiya mura mai zafi ta kwantar da ni kwana uku. Ban nemi waya ba. Da la'asar ɗin rana ta farko na ji motsi a bakin ƙofa, sai ga 'yata da Magana Jari Ce na biyu a hannu, ta riga ta sa yatsa a tsakiyarsa. Ta ce, "Umma, matsa mini in zauna."