Yau da kalmar iron na wuni

Laraba. Ko wanka ban yi ba ƙanena ya shigo da takardar fassararsa, ransa a ɓace, ya ce "Yaya duba min, iron da steel da metal duk ƙarfe na rubuta, malam ya soke biyu." Gaskiya ban ga laifin yaron ba, mu ai komai ƙarfe ne, iyaka mu ƙara baƙi ko ja ko fari.

Sai muka zauna na ɗauko kamus. Metal shi ne babban gida, har zinariya da azurfa da dalma suna ciki. Iron kuma baƙin ƙarfe ne, wanda ake narkowa daga tama, a kimiyya lambarsa 26 kuma Fe ake rubuta shi saboda sunansa na Latin ferrum. Steel ɗin ne ya fi ba shi wuya, sai na ce iron ɗin ne dai aka sa masa kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi, ɗan kaɗan, bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba, shi ke ƙara masa ƙwari. In kabon ya haura haka zuwa wajen 4 ya zama cast iron, na zubi, ga nauyi ga tauri amma in ya sha duka fashewa yake, ba ya lanƙwasa. Wrought iron shi kam kabon ɗinsa kusan babu, yana bin guduma yadda ake so, da shi aka gina hasumiyar Eiffel a Faransa, aka gama a 1889.

Wanda ya fi tsaya min a rai pig iron ne, wallahi na daɗe ina kallonsa, me ya haɗa alade da ƙarfe? Ashe da can in an narka tama sai a kwarara ruwan ƙarfen a wata doguwar hanya cikin yashi, ƙananan ramuka jere a gefenta, masu aikin suka ga kamar 'ya'yan alade ne ke shan nonon uwarsu, shi ke nan suna ya bi shi.

Da yamma ya dawo wai ya ci karo da irony, na ce a'a wannan daga Girkanci take, babu ruwanta da ƙarfe, a rubutu ne kawai suka yi kama. Yana tsaye yana guge rigar makarantarsa na ce masa dutsen gugar da ke hannunka ma iron ne, gugar kanta ironing. Ya ajiye ya je ya ɗauko biro.