Takobi a gaban kamara: abin da aikin tsara faɗa ya koya mini

Faɗan takobi na gaskiya ba ya kalluwa. Wannan ne darasi na farko da aikin tsara faɗa domin fim ya koya mini, kuma sauran duk daga gare shi suka fito. Mutum biyu babu sulke, kowa da takobi mai kaifi, da zarar sun shiga tazarar da sara zai kai, cikin ƴan daƙiƙoƙi an gama: hannu ya tafi, ko gwiwa, ko wuya. Ɗan kallo kuwa minti uku yake so na gumurzu. Saboda haka dole fim ya yi ƙari. Abin da ya rage ga mai tsarawa shi ne ya san inda zai ƙara da gangan, da inda ƙarin rashin sani ne kawai. A nan Damagaram, inda kowace Sallah ake ganin takubba na ainihi rataye a kafaɗar mahaya a ƙofar fadar Sarki, kuskuren rashin sani ba ya ɓuya.

Kafin a koya wa ɗan wasa motsi ko ɗaya, a samo tsohon takobi a ajiye a kan tabarma a dube shi da kyau. Takobinmu, wanda muka yi tarayya da Buzaye a kansa, miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, tsawon ruwansa wajen santimita 80, nauyinsa bai cika wuce kilo ɗaya ba. Ƙarshensa sau da yawa a daƙushe yake kamar an zagaye shi, ba tsini mai huda ba. Kwarin da ke bin tsakiyar ruwan, wanda ake cewa hanyar jini ce, ba ruwansa da jini: rage nauyi yake yi ba tare da ƙarfen ya yi rauni ba. Wasu tsofaffin ruwan daga Solingen ta Jamus aka kawo su ta hanyar fataken Sahara, maƙeranmu suka yi musu ƙota, dukawa suka ɗinka kube da hamila.

Wannan ƙira kaɗai ta faɗi yadda aka yi faɗa da shi. Ƙarshe marar tsini na nufin makamin sara ne, ba na suka ba. Ƙarfen da ya gitta tsakanin ruwa da ƙota gajere ne, bai rufe yatsu ba, to wanda ya ce zai riƙa tare sara da takobin nan yatsunsa ne za su fara biya. Kariya aikin garkuwa ce, irin babbar nan ta fatar warwaji da ke rufe mutum daga kafaɗa har gwiwa, ko kuma aikin ƙafa, a goce a ja baya. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an sa baraden Damagaram suna wulwula lanƙwasasshen takobi irin na finafinan Turkiyya da Indiya, hannun hagu a sake babu garkuwa. An ari makamin wasu, an ari faɗan wasu, sannan aka naɗa masa rawaninmu.

Nauyin ma ana kuskure a kansa. Ɗan wasa yakan ɗaga takobi yana nishi don a ga ƙarfinsa. Ko dogon takobin Turai mai riƙon hannu biyu yawanci tsakanin kilo 1 da rabi ne zuwa ƙasa da 2. Makami mai nauyi ainun, kafin ka dawo da shi daga sara ɗaya an riga an kashe ka.

Ina ake sara? A fim kowa takobin abokin gaba yake duka, ƙarfe kan ƙarfe, sama da kai, a inda babu jikin kowa. Mayaƙin gaske abin da ya fi kusa da shi yake nema. A tsibirin Gotland na Suwidin an tono kaburburan waɗanda suka mutu a yaƙin Visby na 1361, aka tarar da saran takobi da gatari da yawa a ƙasusuwan ƙwauri, domin garkuwa na rufe sama ta bar ƙafa. Hannun da ke riƙe da makami shi ma yana gaba da komai. Kaifi kuwa in ya yi ta haɗuwa da kaifi, giɓi yake yi, ƙarfe mai tauri ya tsage, mai laushi ya lotsa. Kowane maƙeri a unguwar Birni ko Zango ta garin nan zai gaya maka ba a yi wa takobi mai daraja haka.

Juyin nan da jarumi ke yi ya ba abokin gaba baya kafin ya kawo sara, ba sai an daɗe a kansa ba: kyautar ƙeya ce.

Wanda ya fi shi buƙatar bayani shi ne gicciye takubba a tsaya fuska da fuska ana ture-ture ana musayar baƙar magana. Daraktoci na son wannan saboda fuskoki biyu na shiga hoto ɗaya. Amma kowannensu yana da hannu guda a sake, da ƙafa, da wuƙa a damtse. In an kai wannan kusanci, takobi ya gama aikinsa, saura kokawa. Fiore dei Liberi, malamin faɗa ɗan Italiya da ya rubuta littafinsa wajen 1410, ya ware babi guda ga kokawa da wani ga wuƙa saboda wannan dalili. Mu kuwa da muke da ƴan kokawa a kowace unguwa, asara ce mu bar wannan wuri ya tafi a kallon-kallo. A kawo ɗan kokawa ya nuna yadda ake kama hannun da ke riƙe da makami, a sa ƙafa, a kayar. Gaskiya ce, kuma ta fi daɗin kallo.

Sai maganar kayan kariya. Sulke zobban ƙarfe ne da aka sarƙa, kuma an yi shi ne musamman don sara kada ya shiga. In fim ya nuna an ja takobi a cikin mai sulke ya faɗi matacce, to me ya sa ya ɗauki wahalar sa shi? Abin da sara ke yi wa mai sulke shi ne ƙujewa da karaya a ciki, shi ya sa ake sa riga mai kauri a ƙarƙashi. Lifidi, wanda ake cusa wa auduga a ɗinke, a sa wa doki da mahayinsa, yana shanye sara da kibiya, amma yana da nauyi, yana da zafi, yana tsoron wuta. Wanda zai kayar da ɗan lifida sai ya nemi fuska, ko hammata, ko ya raba shi da dokinsa. A tsara faɗan a kan haka, sai kayan su zama suna da ma'ana, ba ado kawai ba.

Akwai kuma tambayar ko wa zai tsaya da wa. Fito-na-fito mai ƙa'ida, da shaidu da fili da alƙali, al'adar Turai ce, kamar wanda kotun Paris ta yarda aka yi a 1386 tsakanin Jean de Carrouges da Jacques Le Gris. Yaƙin ƙasarmu na dawaki ne da ƴan baka masu kibiya mai dafi da masu mashi, takobi sai an cakuɗe. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta yi suna da bindigogi da igwa da ake ƙerawa a cikin gari. A yaƙin Tirmini kuma, kusa da garin Damagaram, a 1899, bindigar Faransawa ce ta raba gardama. Fim ɗin da ya ɗauki wannan zamani ya sa runduna biyu suka ja baya suna kallon sarakuna na sara da juna, ya tsallake tarihi. In labari na buƙatar mutum biyu su haɗu, a ba su dalili da wuri: lungu cikin Birni da dare, ko bakin rijiya bayan runduna ta watse.

To ina ne ƙarin da ya halatta? Wajen tsare ran ƴan wasa da wajen taimakon idon mai kallo.

Takobin ainihi na hoton kusa ne kawai, lokacin zarewa ko nuna ado. Takobin faɗa kuwa a yanka shi daga alminiyam mai kaurin milimita 5 ko 6, a goge baki da tsini su zama a zagaye. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, ɗan wasa na iya tsayar da shi a tsakiyar sara. Wurin da ke kawo haɗari shi ne wutsiyar, ɓangaren da ke shigewa cikin ƙota. In siririn ƙarfe aka liƙa da walda, a nan zai karye, ruwan ya tashi ya nufi mai ɗaukar hoto. Wutsiya ta zama jiki ɗaya da ruwan, mai faɗi, ta ratsa ƙota har ƙarshe. Bayan kowace ɗauka a bi bakin da magagari, domin alminiyam na yin ƙananan haƙora da ke yanka fata. Sulken sayen kasuwa da zobbansa ba a ƙusance ba yakan buɗe ya kama tufafi, shi ma a duba.

Sara ba ya nufar jiki. Yana wucewa da tazarar taƙi ɗaya ko fiye, kamara ce ke rufe giɓin. A ajiye ta a bayan kafaɗar ɗaya daga cikinsu, a ja baya a yi amfani da gilashi mai jawo nesa kusa, sai tazarar ta matse a ido. In aka ɗauka daga gefe, kowa zai ga iska aka sara. Wanda aka sara shi ke sayar da saran da yadda ya amsa, kuma ya amsa bayan takobi ya wuce, ba kafin ba.

A yanka faɗan gunduwa-gunduwa, motsi uku zuwa biyar, kowane da lambarsa. A fara a hankali ƙwarai ana ƙirgawa da baki, da sanduna, har ƙafa ta haddace kafin hannu. Ƙa'idar ita ce ido ya haɗu da ido, mai sara ya nuna niyya da ɗaga kafaɗa, mai karewa ya motsa, sannan saran ya sauka. In ɗaya ya manta, ya ja baya ya ɗaga murya, kada ya ƙago motsi. Ba a ɗauka da cikakken sauri. In ana son zafi, a ɗauki hoto 22 a daƙiƙa a nuna a 24. In aka rage fiye da haka, tufafi da ƙura za su tona asiri.

Raunuka sukan faru a ƙarshen yini, lokacin da hannu ya gaji darakta kuma na cewa a ƙara ɗaya. A watannin Afrilu da Mayu zafin Zinder na haura digiri 40, mai lifidi ba zai jure dogon tsayi ba. A ɗauki faɗa da sassafe, a cire kayan tsakanin ɗauka, a share tsakuwa daga filin. Doki kuma a saba masa da walƙiyar ƙarfe da ihu kwanaki kafin ranar, kuma saran da ake yi daga kan sirdi ya fita waje, nesa da kunnensa da wuyansa.

Sauti a wurin haɗa hoto ake sa shi, tunda alminiyam ƙarar gwangwani yake yi. A je maƙera a naɗi ƙarar ƙarfe na gaske, a naɗi dukan busasshiyar fata domin garkuwa, da numfashi da takun ƙafa a kan yashi. Ƙarar nan mai tsawo da ake ji in jarumi ya zare takobi kada a sa ta: kubenmu na fata ne, ƙarfe na fita daga cikinsa da ɗan shuu kawai, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahayi ranar hawan Sallah ya san haka.