Hekta Nawa, Kuma Ta Wa? Abin da Na Gani Wajen Bin Diddigin Alkawuran Rage Hayaƙi

A takarda aikin da aka ɗora mana ba shi da wuya: mu tattaro alkawuran da ƙasashe suka miƙa ƙarƙashin Yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi, mu tsamo duk inda aka taɓo noma, kiwo da daji, sannan mu faɗi abin da za su jawo wa ƙasar noma da mutanen karkara. Kowace ƙasa ita ke rubuta nata alkawarin, ta sabunta shi duk shekara biyar. Ni aka bar wa lissafi, wato in bi kowane adadi har gidan da ya fito. Sashen kuwa ba ƙarami ba ne. Rahoton da kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa noma, kiwo da sare daji su ne tushen kusan kashi 23 cikin 100 na iskar da ɗan'adam ya fitar mai ɗumama duniya tsakanin 2007 da 2016.

Duk mai shiga wannan fage ya fara sanin cewa babu wanda ke yawo gona-gona da na'ura yana auna hayaƙi. Ninkawa ake yi. A ɗauki yawan shanun ƙasa, a ninka da iskar metan da ake kyautata zaton kowace saniya na fitarwa a shekara, galibi ta gyatsa lokacin da take tuƙa. A ɗauki takin zamanin da aka zuba, a ƙaddara cewa kashi 1 cikin 100 na naitirojin ɗinsa zai tashi sama. Haka ake yi wa shinkafar da ke kwana cikin ruwa. Daga nan a mayar da komai ma'aunin iskar kabon, inda tan ɗaya na metan ke zama tan 28, ko da yake ita metan ba ta wuce kimanin shekara 12 a sararin sama, kabon kuwa yana daɗewa ɗaruruwan shekaru.

Ƙa'idojin IPCC na 2006 sun ba da matakai uku na wannan lissafi. A mataki na farko, ƙasa tana aron adadin da aka tsayar wa yankinta gaba ɗaya, ta ninka da yawan dabbobinta. Na biyu da na uku suna buƙatar ta auna nauyin dabbobinta, irin abincinsu da nonon da suke bayarwa. Ƙasashe marasa hali da yawa a matakin farko suke, wasu ma ƙidayar dabbobinsu ta tsufa, ƙari kawai ake yi mata duk shekara a ofis. Na daɗe a kan wannan, don ba ƙaramin abu yake haifarwa ba. Idan makiyayi ya gyara abincin garkensa, ya yi rigakafi, saniya ɗaya ta ba da nonon da biyu ke bayarwa a da, lissafin mataki na farko ba zai ga komai ba. Abu ɗaya tak yake gani: kai nawa. Jami'in da ke son adadi ya sauka a rahotonsa, hanya ɗaya lissafin ya bar masa, wato rage garke. Sau da yawa na ga tsarin da ake zaton siyasa ce ta haife shi, alhali ƙarancin bayanai ne.

Daji ma haka. Hukumar abinci da aikin gona, FAO, tana kiran wuri daji idan ya wuce rabin hekta, bishiyoyinsa sun wuce tsayin mita 5, kuma inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na filin. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Kyoto kan sauyin yanayi, wadda ta riga ta Paris, kuwa an bar wa kowace ƙasa ta zaɓi nata ma'aunin inuwar, tsakanin kashi 10 da 30. Ƙasar da ta zaɓi 10 za ta iya sare rabin bishiyoyin kurmi, a rahoto kuma dajin yana nan daram. Gandun itace iri ɗaya da aka dasa a jere shi ma daji ne a lissafi, daidai da kurmin da ya shekara ɗaruruwa.

Sai shekarar da ake kwatanci da ita, kuma a nan wayon ya fi yawa. A Kyoto a 1997, Ostireliya ta samu a shigar mata da sharar daji cikin lissafinta na 1990, shekarar da sharar ta yi yawa ƙwarai, ga kuma izinin kaiwa kashi 108 cikin 100 na wannan adadi. Da sharar ta ragu, sai ta samu sarari a lissafi ba tare da ta taɓa kwal ɗinta ba. Birazil a 2020 ta bar alkawarinta na rage kashi 43 cikin 100 nan da 2030 yadda yake, amma sabon ƙiyasi ya ɗaga adadinta na 2005 daga tan biliyan 2.1 zuwa 2.8. Kason bai motsa ba, abin da aka halatta fitarwa ya ƙaru da kusan tan miliyan 400, har sai da wata gwamnati ta gyara a 2023. Kamar mai bashi ne ya ce zai rage cin bashi da rabi, sannan ya koma ya ƙara abin da ya ce yana ci a da. Tun da na ga waɗannan biyun, ba na rubuta wani kaso a teburina sai na mayar da shi tan.

Akwai kuma giɓin da ya fi ba ni ciwon kai. Idan aka haɗa rahotannin ƙasashe a kan kabon na ƙasa da daji, aka kwatanta da abin da masana ke samu a lissafinsu na duniya baki ɗaya, ba sa haɗuwa. Wani nazari na 2021 ya ƙiyasta bambancin da tan biliyan 5.5 a shekara. Ba ƙarya kowa ya yi ba. Ƙa'ida ta ba ƙasa damar lissafa duk kabon da dajin da take "kula da shi" ya shanye, har da girman da bishiya ta yi don kanta saboda ƙaruwar kabon a iska. Masana kuwa suna cire wannan, don ba aikin kowa ba ne. Ƙasa mai faɗin daji tana iya ɗebe wannan kyautar Allah daga hayaƙin masana'antunta ta ce ta rage. In gobara ta tashi kuma, kamar ta Kanada a 2023 da ta cinye kusan hekta miliyan 15, sai a ware ta gefe a ce annoba ce.

Ra'ayina, bayan duk wannan karatu: ƙasar karkara ta zama inda gwamnatoci ke jingine aikin da ba sa son yi a kan fetur da kwal. Dasa itace ba ya ɓata wa mai masana'anta rai. Wani rahoto na 2022 ya tara filin da alkawuran ƙasashe ke buƙata don shanye kabon, ya samu kusan hekta biliyan 1.2, kwatankwacin duk gonakin duniya. Wannan fili ba a sama yake ba.

Shi ya sa na matsa a bar mu mu fita daga ofis, mu ɗauki taswirar tauraron ɗan'adam mu je wasu wuraren da aka shafa wa launin "lalatacciyar ƙasa" ko "filin da ba a amfani da shi". Kusan duk inda muka tsaya akwai mai shi, ko masu shi. Wani wurin saura ce da aka bari ta huta. Wani mashigar dabbobi ce da ba a ganin kowa a kanta sai lokacinta ya zo. Wani kuma nan mata ke samun itacen girki da ganyen magani. Hoton an ɗauke shi ne a watan da babu kowa. Na nuna wa wani dattijo taswirar na yi masa bayani, ya dube ta da kyau, ya ce, "Ɗana, wanda ya ce ba kowa a nan, da wane wata ya zo?" Na ce, "Baba, bai zo ba, daga sama ya duba." Bai ƙara cewa komai ba, ya miƙo mini takardata.

Kada a ɗauka matsalar matalauta ce kaɗai. Niyuzilan, wadda kusan rabin hayaƙinta daga noma da kiwo yake, ta sa daji cikin kasuwar kabon tun 2008, wato tsarin da mai fitar da hayaƙi ke biya, mai daji kuma ke samun kuɗi kan kabon da itacensa ya shanye. Da farashin kabon ya tashi, sai masu kuɗi suka riƙa sayen gonakin tumaki da shanu suna mayar da su gandun itace. Lissafin ƙasa ya yi kyau, ƙauyuka kuwa suna kukan raguwar aiki da jama'a. Shirin sa wa hayaƙin kiwo farashi, bayan shekaru ana tattaunawa, an yi watsi da shi a 2024.

Inda abin ya yi aiki, na lura ba kyawun alkawari ne ya sa ba. Birazil ta sauko da sare dajin Amazon daga kusan murabba'in kilomita 27,800 a 2004 zuwa kusan 4,600 a 2012. Tauraron ɗan'adam na nuna inda ake sara cikin 'yan kwanaki, jami'ai na zuwa, a 2006 manyan 'yan kasuwa suka daina sayen waken suya daga sabon filin da aka share, sannan a 2008 babban banki ya hana rancen noma ga wanda takardun filinsa ba su cika ba. Wannan na ƙarshen ya fi burge ni, don ya taɓa aljihu. Sai dai an gudu ba a tsira ba, domin noman ya matsa zuwa dajin Serado, wani yankin na Birazil, inda doka ta fi sassauci. A Nijar kuwa, tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka riƙa barin tohon kututture a gonakinsu suna gyara shi, har aka ƙiyasta bishiyoyi miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Babban abin da ya canza shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba na ma'aikatan gandun daji ba. Abin mamaki, yawancin waɗannan bishiyoyi ba daji ba ne a ma'aunin FAO, tunda a gona suke.

Denmak ta ɗauki wata hanyar a 2024. Gwamnati, ƙungiyoyin manoma, na ƙwadago da na kare muhalli suka zauna suka amince da harajin hayaƙin dabbobi daga 2030: kurona 300 (kuɗin ƙasar) a kan kowane tan, ya kai 750 a 2035, tare da rangwamen kashi 60 cikin 100, da kuma dasa sabon daji hekta 250,000. Na sha jin ana cewa a kwaikwaye su. Ni dai na kan tuna wa mai faɗa cewa a can kowane fili yana da rajista, kowace saniya tana da lamba, kuma an ware kuɗin biyan wanda za a karɓi filinsa.

Da muka zo rubuta rahoto, na raba teburin kowace ƙasa gida biyu, hayaƙin da za a daina fitarwa daban, kabon da ake fatan ƙasa ta shanye daban, ban yarda a haɗe su a adadi ɗaya ba. Na ƙara layi uku: hekta nawa ake buƙata, wa ke amfani da ita yanzu, kuma wace doka ta ba shi ko ta hana shi. Shugabar aikin ta ce, "Malam, layukan nan fa za su fito wayam." Na ce, "Ranki ya daɗe, a bar su haka mai karatu ya gani." Ta yarda. Layin hekta mun iya cike shi ga wasu ƙasashe ta hanyar lissafin kanmu. Sauran biyun, a mafi yawan takardun da na karanta babu ko jimla ɗaya da za a ɗauko a sa, kuma haka aka buga su.