Sai na ga saifa ta yi duhu

Ƙaramar cibiyar ɗaukar hoton zuciya gare ni, na'urar MRI ɗaya da ma'aikata 'yan kaɗan. Gwajin yana son a ga zuciya tana aiki kamar mutum na gudu, amma a cikin na'urar ba a gudu, don haka magani ne ke yi wa mutum gudun. Adenosin muke sa masa ta jijiya, maikirogiram 140 ga kowane kilo na nauyinsa a minti guda. Yana buɗe hanyoyin jinin da ke shayar da zuciya. Wadda ta ƙuntace ba ta buɗuwa kamar 'yan uwanta, sai yankinta ya fito da duhu a hoto.

Abin da ke hana ni barci shi ne hoto ya fito tas alhali maganin bai kama ba. A sallami mutum da albishir, cutar na nan kwance.

Shi ya sa idona ba ya barin allon. Ina so bugun zuciya ya ƙaru da goma ko fiye a minti, fuska ta ɗau zafi, numfashi ya yi nauyi. Mai kukan ƙirjinsa ya matse, ni daɗi yake ba ni, ko da yake ba na nuna masa. Daƙiƙu kaɗan bayan an tsayar da maganin komai ya wuce.

Wani dattijo kuwa minti uku cur yana kwance abinsa, bugu 68, ko gezau. Muka ɗaga maganin zuwa maikirogiram 170, sannan 210. Shiru.

Na ce, "Baba, me aka sha da safe?"

"Shayi ne, ɗana, kurɓa biyu kacal."

Sinadarin kafeyin da ke cikin shayi yana toshe gurbin da adenosin ke sauka ne, shi ya sa muke hana shayi, kofi da cakulan tun awa 24 kafin a zo.

Shaidar da na fi yarda da ita saifa ce, wadda ke leƙowa a gefen hoton. In adenosin ya kama, jinin da ke shigarta yana raguwa, sai ta yi duhu fiye da yadda take lokacin hutu. Aibinta biyu, sai an gama ɗauka ake ganinta, kuma da regadenoson, wani maganin da ake sawa a madadin adenosin, ba ta nuna haka sam.

Dattijon dai muka sa masa wata rana. Awa guda ta na'ura ta tafi a banza, ban kuma caje shi ba. Da ya dawo, minti biyu ya fara haki, bugu 84.