Mako na takwas: ƙafa da jab kafin ƙarfin hannu

'Yan uwa masu koyo, makonni takwas ke nan muna kan tsayuwa da taku da naushin hannun gaba, wato jab, kuma tambaya ɗaya ce ke ta dawowa bayan atisaye: in mutum yana da hannu mai nauyi, don me zai kwashe watanni yana koyon ajiye ƙafa? Sunan da ake kawowa kullum shi ne Deontay Wilder, ɗan damben Amurka. Gaskiya ne ya shiga dambe a makare, yana kusan shekara 20, ya ci tagulla a gasar Olamfik ta 2008, ya karɓi kambun duniya na hukumar dambe ta WBC a 2015, alhali masu horarwa sun daɗe suna kushe takunsa. A karawarsa ta biyu da Luis Ortiz a 2019, duk alƙalan uku sun ba Ortiz gaba, sai naushi ɗaya na hannun daman Wilder a turmi na bakwai ya gama magana. To amma ku sake kallon wannan naushin a tsanake. Da hagu ya auna tazara, sannan damar ta fita sambal daga kafaɗa. Abu guda ɗin da ya iya, a kan ƙa'ida ya iya shi. Da Tyson Fury ya matsa masa lamba a 2020 ya tilasta masa ja da baya, sai giɓin ya fito fili: ba ya iya naushi mai kyau yana ja da baya, aka tsayar da wasan a turmi na bakwai.

Mu koma kan tsayuwa, domin har yanzu a nan yawancinmu ke tuntuɓe. Mai amfani da dama ya sa ƙafar hagu a gaba, bahago ya juya. Ku ja layi da alli a ƙasa, babban yatsan ƙafar gaba a gefe ɗaya na layin, diddigen ƙafar baya a ɗaya gefen, tazararsu ta ɗan fi faɗin kafaɗa. Diddigen baya a ɗage kaɗan, gwiwoyi a sake, nauyin jiki a rabe kusan daidai. Gwajin mai sauƙi ne: abokin atisaye ya ɗan tura ka a kafaɗa daga gefe. In ka yi tangal-tangal, ƙafafunka sun hau layi ɗaya, kuma a fage naushin da bai kai ya kawo ba zai iya kai ka ƙasa.

Wajen taku, ƙafar da ta fi kusa da inda za ka ita ke fara motsi, ɗayar ta biyo ta da daidai wannan tazarar. Ku yi taku goma gaba, ku tsaya cak, ku dubi ƙasa. Galibi za ku tarar ƙafar baya ta makara, tsayuwar ta buɗe da yawa, shi ya sa ƙugu ba ya juyawa, damar ta fita da ƙarfin hannu kawai. Wasu kuma ƙafafun haɗewa suke yi, ko su giccye in ana zagawa hagu.

Jab ɗin ne ya fi cin lokacinmu, kuma ya cancanta. Ƙafar gaba da dunƙulen hannu su sauka tare. Gwiwar hannu kada ta buɗe gefe kafin naushin ya fita, don abokin karawa ita yake gani ya san abin da ke tafe. A ƙarshe a juya dunƙulen, tafin hannu ya kalli ƙasa, kafaɗa ta ɗago ta rufe haɓa. Babban aibin kuwa a dawowar hannun yake. Da gajiya ta fara shiga, hannun kan dawo ta ƙasa, ta wajen ƙirji, kuma ta wannan ƙofar dama ke ketarowa ta sama ta sami muƙamuƙi. Ya tafi a kan layi, ya dawo a kan layin. Hannun dama kuma ya zauna a kunci, babban yatsan safar yana taɓa fuska. Ga wanda haɓarsa ke tashi sama, ya maƙale ƙwallon tanis a ƙarƙashinta ya yi turmi guda yana naushin iska. Duk sanda ƙwallon ta faɗi, a fage da an same shi.

Waɗanda suka fito daga damben gargajiya sun zo da jari mai kyau: sun san tazara, ba sa tsoron naushi. Sai dai a can hannun gaba garkuwa ne, a miƙe a buɗe, hannun da aka ɗaure yana baya yana jiran kisa. A damben zamani alƙalai uku ne ke ba da maki turmi bayan turmi, 10 ga wanda ya fi, 9 ga ɗayan, in an kayar da mutum galibi 10 da 8, kuma wasan kambu na maza turmi 12 ne na minti uku-uku. Wanda hannunsa na gaba ba ya aiki zai yi ta asarar turmi yana jiran naushi ɗaya. Wurgo hannu daga nesa kuma yakan sa naushin ya sauka a gaɓar ƙaramin yatsa, a nan ƙashin bayan hannu ke karyewa. Gaɓoɓin yatsu biyu na farko su ne za su sauka, wuyan hannu a miƙe, a naɗe da bandeji mai tsawon kusan mita huɗu da rabi.

Francis Ngannou na Kamaru, wani mai hannu mai nauyi, ya nuna amfani da illar dogaro da ƙarfin hannu cikin wata biyar. A Oktoban 2023 ya kayar da Fury a turmi na uku, ya sha kaye da ƙyar a maki. A Maris 2024 Anthony Joshua ya kai shi ƙasa sau uku da hannun dama, wasan bai wuce turmi na biyu ba.

Tsarin mako na tara: tsallen igiya turmi uku, naushin iska turmi uku a gaban madubi ana duban ƙafa kawai, buhu turmi huɗu da jab zalla, hutun minti ɗaya tsakani. Gwaji da abokin atisaye sau biyu a mako, da safa mai nauyin oza 16 da robar baki da hular kariya, hannun gaba kaɗai, da rabin ƙarfi. Ku sa wani ya ɗauke ku bidiyo da waya daga gefe, ku ƙirga sau nawa hannun ya dawo ta ƙasa a turmi na ƙarshe, ku rubuta adadin. Sai ya sauka ƙasa da biyar za mu ɗora dama a bayan jab.