Jingina ba saye ba ce: abin da na koya a biron Metir

Shekara 11 na yi ina aiki a biron wani lauya a nan Maraɗi. Kowa Metir yake ce masa, laƙabin da ake kiran lauyoyi da shi a Faransanci, har ƴan kabu-kabu. Lauyoyin ƙasarmu kusan duka a Yamai suke zaune, sai shari'a ta taso su zo su koma. Shi kuwa ya zaɓi zaman gida, inda masu ƙara ke zuwa daga Dakoro, Madarunfa da Gidan Rumji da ƙura a ƙafa. Aikina shi ne in saurari mutum da Hausa, in rubuta abin da ya faɗa da Faransanci, tun da da shi kotu ke aiki.

A watannina na farko wani tsoho ya zo daga wajen Tibiri. Ya ce a yunwar 1984, lokacin da aka rufe iyakar Najeriya hatsi ya yi wuya, mahaifinsa ya ba maƙwabcinsu gona ya karɓi jikka 30 da dami biyar. Yanzu ya kai kuɗin, ƴaƴan maƙwabcin sun ce gona tasu ce. Ina sauri, ga mutane a zaure suna jira, sai na rubuta cewa an sayar da gonar.

Metir ya karanta takardar, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kira mini Baba." Da tsohon ya zauna, sai ya tambaye shi, "Baba, da mahaifinku ya ba da gonar, wa ya ci gaba da kaɗar gawon da ke cikinta?" Tsoho ya ce, "Mu mana, ɗana. Har bara awakinmu ne suka ci ƴaƴansa." Ya sake tambaya ko an yi maganar ranar fansa. Ya ce an yi, gaban liman da mutum biyu, ɗaya yana raye. Sai Metir ya juyo gare ni ya ce, "Ka ji? Jingina ce. Da alƙalaminka ka kusa sayar da gonar da yunwa ba ta iya sayarwa ba."

Wannan magana ta hana ni barci. Gado, saye, kyauta, aro, haya, jingina: a bakin manomi kowace da iyakarta, kuma ya san ta sarai. Mu masu boko ne ke haɗa su a tukunya ɗaya in mun zo juya su. Daga ranar ya kafa mini doka: duk abin da na rubuta sai na mayar wa mai shi da Hausa, ya ce haka ne, kafin ya dangwala yatsa.

Abin mamaki, bai kai ƙarar kotu ba. Ya tura tsohon gaban mai gari, daga nan fadar sarki, domin doka ta ba sarakuna ikon sasanta rikicin gona, a rubuta takardar sulhu. Na ce masa, Metir, ai da mun shiga kotu mun ci. Ya ce ƙwarai, sai su ɗaukaka ƙara, damina biyu ta wuce gona ba shuka, kuma gobe a masallaci ɗaya za su yi sallah. Mutumin da ke cin abinci da shari'a ne fa ke faɗar haka.

Yana yawan ambaton Toda, wani ƙauye a jihar Maraɗi. A watan Oktoba na 1991, ana tsakiyar babban taron ƙasa a Yamai, aka kashe Fulani makiyaya fiye da 100 a can, akasarinsu mata da yara, a kan rikicin manoma da makiyaya. Yakan ce dokar karkara ta 1993, wadda ta kafa kwamitocin kula da ƙasa da ake kira Kofo, ba ta da amfani in ta tsaya a cikin kabad. Shi ya sa rikicin burtali ko mashaya ba ya karɓarsa daga kan kujera. Sai mun je, mun taka iyakar da ƙafa.

Wannan ce ta ja shi siyasa. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya tsaya, ya zama kansila. Halinsa na biro ya kai majalisa: a karanta kasafin kuɗi da Hausa, a maimaita abin da aka rubuta kafin kowa ya sa hannu, saboda da yawa daga abokan zamansa ba su shiga lakwal ba. Wasu sun ji daɗi, wasu sun ga ɓata lokaci.

Amma siyasa ta ci masa abin da nake ganin ya fi kujerar daraja. Mutanen da a da ke shigowa ba shakka suka soma tambayata a ƙofa, "Ɗan wace jam'iyya ne wanda nake ƙara, zai dai riƙe mini amana?" Lokacin tazarcen Shugaba Tanja a 2009 abin ya ƙara tsami, har wani alhaji da ya daɗe tare da mu ya aiko a kwashe takardunsa. Na ga yadda hakan ya taɓa shi. A zaɓen 2011 bai tsaya ba, kuma sai da aka ɗauki shekaru kafin zauren ya sake cika.

Yau ni ke rubuta wa mutane takardun gona. Makon jiya wata gwauruwa ta zo da ƙanin mijinta, yana gaggawa zai bi motar Tasawa, ya ce in rubuta kyauta kawai a wuce wurin. Na ajiye alƙalami na ce, "Inna, ke faɗa mini da bakinki: ba shi kika yi, ko ara masa?" Ta yi shiru, ta dubi ƙasa, sannan ta ce, "Aro ne, ɗana, sai yarana sun girma."